Inda Addar Baba Take Zuwa

'Ya'yana, babu ɗayanku da bai taɓa riƙe wuyan hannuna na hagu yana ƙarami ya tambaye ni abin da ya karkatar da shi ba. Nakan ce muku faɗuwa na yi. Ban yi muku ƙarya ba, amma ban gaya muku duka ba. Na kuma san abin da kuka jiyo a ƙauye da kuka je biki: wai kakanku mahaukaci ne, yaƙi ya taɓa masa kai, shi ya karya ni. Kun dawo ba ku ce mini komai ba, sai dai na lura kuna kallon hannun a sace idan ina tuƙa tuwo. Tun da na fara rubuta muku labarin rayuwata nake kewaye wannan shekarar kamar yadda ake kewaye rijiya marar murfi. Yau zan tsaya a bakinta.

A Kafanchan muke a lokacin, a wata unguwa da ke bayan layin dogo, inda idan jirgin kaya ya wuce sai kwanonin Mama su yi ta kaɗawa a kan kanta. Ina ajin ƙarshe na firamare. Babana, Bulus, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bai dawo gida ba sai bayan an gama da ɗan daɗewa, da akwatin ƙarfe da bargo ɗaya. Jikinsa lafiya lau, ko tabo ban gani ba. Muryarsa ce ba ta dawo ba. Mutumin da a da yake waƙa yana wanka har maƙwabta su yi masa amshi, yanzu maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Bai kira sunan kowa ba, har Mama. Wuni yake a gindin mangwaron tsakar gida, bayansa jingine da itacen, fuskarsa na kallon ƙofa. Idan ma'aikatan jirgi suna haɗa taragu, ƙarfe ya bugi ƙarfe, sai kafaɗunsa su zabura, ruwan da ke kofinsa ya zube a gwiwarsa. Gidanmu ya koyi tafiya a hankali. Ba a sakin murfin tukunya, ba a buga ƙofa. Mama ta kwashe turmi da taɓarya ta kai gidan maƙwabta, can take daka. Ƙaramin ƙanena ma, da ya buɗe baki zai yi kuka sai a ruga da shi bayan gida.

Ni wannan shirun bai yi mini wuya ba, don dama haka nake. A makaranta sai da wata sabuwar malama ta tambaya ko ni bebiya ce. Ba na iya kallon fuskar manya, saboda haka na san ƙafafunsu, da faratansu, da bakin zanensu. Na san wanda ya yi kuka kafin ya shigo ɗaki, na san wanda ya ci goro ya ce bai ci ba. Ba na gaya wa kowa. Watakila shi ya sa, a duk gidan, hannuna kaɗai Baba yake karɓar kofi ba tare da ya fara leƙa cikinsa ba.

A ɗakin da ke kusa da ƙofar gida akwai Kawu Danladi, ƙanen Mama. Ya yi shekaru a seminari, makarantar horon limaman coci, saura kaɗan a naɗa shi Fada sai ya tattaro littattafansa ya dawo, ya kama koyar da lissafi a makarantarmu. Unguwa duka Saura-kaɗan take ce masa, shi kuwa ya amsa da fara'a. Ni yana ce mini Malama Shiru.

Sai kuma Kofur Tanko, wanda gidansa ke ƙarshen layinmu. Tare suka tafi yaƙi da Baba, jirgi ɗaya ya dawo da su. Shi ma ba ya magana, shi ma wuni yake a gindin itace. Da damina ta yi nisa a shekarar, aka fara ganinsa yana wasa addarsa a kan dutse, yau da gobe, ba ya zuwa gona ba ya zuwa ko'ina. Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, ya tashi ya sari matarsa tana shanya. Ta rayu, amma hannun damanta bai sake amfani ba. 'Yan sanda suka tafi da shi. Da muka taso daga makaranta an riga an watsa yashi a wurin, sai dai yashin ya yi duhu a tsakiya, kuma silifas ɗinta ɗaya yana nan kife ba wanda ya ɗauka. Har yau idan na ga takalmi ɗaya a kife sai na juya shi.

Washegari da na je famfo, matan da ke layi suka yi shiru. Ɗaya ta manta ina da kunne.

"Saura na gidan Saratu," in ji ta, Mama take nufi. "Ai kaza ɗaya ta ƙyanƙyashe su."

Ba a yi mako biyu ba Baba ya jawo tsohuwar addarsa daga ƙarƙashin gado, ya zauna gaban dutsen washi. Ina shara na ji sautin, shuu, shuu, a hankali, ba gaggawa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Mama ta fito daga kicin da ludayi, ta tsaya, ta koma ciki. Ran nan ta tura wuƙaƙenta duka cikin buhun masara. Addar kuwa ba wanda ya isa ya taɓa, tana gefen tabarmarsa dare da rana. Daga nan kullum da asuba sai mu ji ya buɗe ƙofa ya fita da ita, ya dawo kafin mu tafi makaranta, da yamma kuma ya zauna ya wasa ta. Ba wanda ya bi shi ya ga inda yake zuwa. Wa zai bi mutum mai adda cikin duhun asuba?

Mama ba ta aika ƙauye ba, amma magana ba ta jiran aike. Sai ga Baba Babba, wan Baba, ya iso daga ƙauyenmu na wajen Kagoma, da kaza a hammata da shawarar da ya riga ya yanke tun a hanya. Ran Asabar mota za ta zo a kai Baba wurin wani mai magani a bayan dutse, wanda ake kai wa masu taɓin hankali. Na san wurin. Na taɓa bi ta gefensa da kakata muna zuwa gaisuwa. Na ga wani mutum zaune a rana, an sa masa mari a ƙafa an haɗa da gungumen itace, ƙudaje sun rufe idon sawunsa inda ƙarfen ya ci nama. Ya dube ni ya ce, cikin ladabi kamar malamin makaranta, "'Yan mata, don Allah ko da ruwa?" Kakata ta fizge ni muka wuce. Tun da Baba Babba ya ambaci Asabar, fuskar mutumin nan ta koma ta Baba a idona. Sai na zama ina da tsoro biyu, kowanne yana cin ɗan'uwansa: idan na ji shuu, shuu, sai in ce Allah ya kawo Asabar, idan na tuna ƙudajen, sai in ce Allah kada ya kawo ta.

Ran Laraba da yamma Kawu Danladi ya zaunar da ni a barandarsa muna aikin gida. Daga inda muke ana jin dutsen washi.

"Mudu biyu na acca ya ƙosar da mutum huɗu," in ji shi. "Mudu uku fa, Malama Shiru?"

"Shida."

"Daidai. Sai dai in Baba Babba na cikinsu, to a ce uku."

Ban yi dariya ba. Na kalli yatsun ƙafarsa na ce, "Kawu, Baba zai yi abin da Kofur Tanko ya yi?"

Ya ajiye jan bironsa. "Wa ya ce miki?"

"Tare suka tafi. Tare suka dawo. Shi ma ba ya magana. Shi ma yana wasa adda."

"Kaza ƙafa biyu gare ta, ke ma ƙafa biyu. Gobe da safe sai mu ɗaga tabarmarki mu ga ko kin saka ƙwai."

Da ya ga idona ya ciko, sai ya bar wasa. Ya jawo kujerarsa kusa, ya yi ƙasa da murya. Abin da ya gaya mini ran nan ban gane rabinsa ba sai da na girma, amma na riƙe shi kamar yadda yaro ke riƙe kwalbar magani da aka aike shi da ita. Ya ce a seminari sun karanta wani tsohon Bajamushe mai zurfin tunani, wanda ya sa shi rashin barci fiye da sauro. Mutumin ya ce idonmu da hankalinmu kamar taga ce da aka haife mu a bayanta. Duk abin da muka sani ta cikinta muka hango shi, kuma ba mai iya fita waje ya ga abu yadda yake shi kaɗai, ba tare da tagar ba. Akwai abubuwan da ma ba sa gilmawa ta gaban tagar sam. Allah yana cikinsu. Kawu ya ce shi a nasa ganin, can cikin zuciyar mutum ma haka ne.

"To abin da ba a gani, yaya za a yi maganarsa?" in ji shi. "Sai da kwatanci. Amma kwatanci iri biyu ne. Akwai na matan famfo: wannan ya yi kama da wancan, shi ke nan abu ɗaya ne. Akwai kuma na gaske, wanda ba ruwansa da kama. Dubi lissafinki. Acca ta yi kama da mutum?"

"A'a."

"Amma abin da ke tsakanin biyu da huɗu, shi ne ke tsakanin uku da shida. Tsakanin ake dubawa. Da muke ce wa Allah Uba a coci, kina tsammani gemu gare shi da tabarma? Cewa muke yi, abin da ke tsakanin uba na kirki da ɗansa, irinsa ne ke tsakaninsa da mu. Shi kansa yadda yake, ba mu sani ba. Bishop ma bai sani ba, sai dai kada ki ce ni na faɗa."

Na ce, "To a lissafi ai ana samun amsa."

"A lissafi ana ba ki uku ki samo na huɗu. A nan ba a samun na huɗun, Talatu. Ba zai taɓa fitowa a kan allo ba. Abin da kwatancin ke ba ki shi ne wajen da za ki duba. Hankalin mutum ba ya yarda a ce abu ya faru haka kawai, ba mafari ba inda ya dosa. Wannan gaskiya ne, haka aka gina mu. Amma bai gaya miki mene ne mafarin ba, sai kin je kin nema. Matan famfo ba su nema ba, aro suka yi daga gidan Tanko."

"Ke nan Baba ba zai yi ba?"

"Ban ce ba. Ban sani ba. Da ina ganin cikin mutane, da yanzu ina Roma ana yi mini fifita."

Da na tashi zan tafi na leƙa ɗakinsa. Ya jawo gadonsa daga jikin bango ya kawo shi dab da ƙofa, kuma a bayan ƙyauren akwai wata gora mai kauri da ba ta nan a da. Sai na gane shi ma tsoron yake ji. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Amma maganar tsakani ta zauna mini. Washegari da safe, da na kai wa Baba kunu, maimakon in runtse ido kamar kullum sai na kalli addar. Jiya da yamma bakinta yana ƙyalli. Yanzu ya dushe, ya yi kore-kore, da ɗan ganye manne kusa da ƙota. Wandonsa jiƙe yake da raɓa har gwiwa, 'ya'yan ciyawa sun manne masa. Sai wani tunani ya zo mini: addar Kofur Tanko kullum wasa ta yake yi, amma ba ta taɓa dakushewa ba, don ba ta zuwa ko'ina. Ta Baba kullum dakushewa take yi. Akwai abin da take ci. Ba mu da gona a gari. Kuma irin 'ya'yan ciyawar nan na san inda suke kama mini siket.

Akwai wata 'yar hanya da ke ratsa bayan loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, ta bi cikin gamba ta tsallaka wani ɗan rafi ta ɓulla bayan makarantarmu. A da, ita nake bi. Amma makonni kafin nan na kusa taka kububuwa a wurin, tana kwance a tsakiyar hanya kamar tsumma. Na dawo gida a guje, na raɗa wa Mama a bakin kicin. Baba yana gindin mangwaro a lokacin, idonsa a kan ƙofa, ban ɗauka ya ji ba. Tun ran nan na koma bin babban titi, ko da ya fi nisa. Ran Juma'a na tsaya a mararrabar, na ce ko me zan tarar sai na gani. Na shiga.

An share hanyar. An sare gambar dama da hagu, faɗin da mutum biyu za su jera. Ta wajen gidanmu saran ya tsufa, har sabon tofo ya fara fitowa. Ina gaba yana ƙara zama sabo, har na iso inda ciyawar da aka kayar ba ta ko yi yaushi ba, tana ƙamshi. A rafin an jera duwatsu na takawa, kusa da kusa, ba tazarar ƙafar babba ba. Wani rami da ke gindin gara an cushe shi da tsakuwa. Saura kaɗan aikin ya kai shingen makaranta. Na tsaya a ƙarshen saran, gamba ta fi ni tsayi a gabana, na rasa ko murna zan yi ko kuka. Don ko a lokacin na san hanya ba ta magana. Wasu yaran ma suna bi. Ba a rubuta sunana a kan duwatsun ba.

Na gaya wa Kawu da yamma. Ya je ya gani da idonsa, ya dawo takalmansa duk laka.

"Gobe ke za ki faɗa musu," in ji shi. "Ke kika gani. Ni in na buɗe baki, Saura-kaɗan za su ji."

Asabar ta zo da rana mai zafi bayan ruwan safe. Wajen azahar wata tsohuwar motar katako ta masu ɗaukar citta ta tsaya a ƙofar gidanmu, direba ya kashe ta. Samari biyu daga ƙauye suka sauko suka tsaya a zaure, ɗaya riƙe da buhu a naɗe. Na ga bakin igiya yana leƙowa daga ciki. Aka shimfiɗa tabarma a gaban ɗakin Mama. Baba Babba ya zauna, Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, a gefensa, Kawu a kan kujera 'yar tsugunne, Mama a ƙasa can gefe tana murɗa bakin zanenta. Baba yana gindin mangwaro, bai fi taku kaɗan ba, kamar maganar wani ake yi. Da Hausa aka yi, don Katikis ba yarenmu ɗaya ba.

Kada ku ɗauka Baba Babba mugu ne. Idonsa ja wur yake ran nan, kuma ba giya ba ce.

"Nono ɗaya muka sha da Bulus," in ji shi. "Ni na goya shi. Amma gara in ji shi yana kuka a ɗaure da in zo in tarar da yashi a tsakar gidan nan."

Kawu ya ce akwai abin da Talatu ta gani. Duk suka juyo. Ban taɓa jin nauyin idanu irin na ran nan ba. Na kalli ƙafafun Katikis, na ga ɗan yatsansa ya fito ta hujin safa. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ciyawa."

"Ciyawa me?" in ji Baba Babba.

Na kasa. Kawu ya karɓa, ya faɗi hanyar, da duwatsun, da ramin, da kububuwar. Ya ce kamannin da ke tsakanin Baba da Tanko na waje ne, a duba abin da kowannensu yake yi wa nasa. Baba Babba ya bar shi har ya gama.

"Saura-kaɗan, an sauko daga bagadi? To ji nan. Ranar da Tanko zai sari matarsa, da safen nan shi ya ɗebo mata ruwa. Ka tambaya a gaya maka. Kai da ka yi karatun Fada, ka san abin da ke cikin Bulus?"

"Ban sani ba, Baba."

"Madalla. Ni ma ban sani ba. Wanda bai san halin kare ba, ɗaure shi yake yi ya kwana lafiya."

Katikis ya gyaɗa kai a hankali. Ban taɓa ganin an ƙure Kawu ba sai ran nan. Baba Babba ya ɗaga murya ya ce wa direba ya tayar da mota ya juyo da ita. Sannan ya dube ni.

"Ke yake karɓar abu a hannunki. Kai masa kunu. In ya kama kofin da hannu biyu, ki ja addar da ƙafa, ki matsa."

"Baba, ban da yarinyar," in ji Mama, muryarta can ƙasa.

"Saratu, so kike samarin nan su tunkare shi tana gefensa?"

Aka sa mini kofi a hannu. Tsakar gidan da nake sharewa kullum ya zama mini kamar filin ƙwallo. Ina jin kunun yana zuba a yatsuna. Ina ganin addar kwance a gefen hannunsa na dama, ya wasa ta jiya, bakinta fari. A waje ina jin yaron mota yana juya hannun tayar da inji, yana nishi. Na iso gabansa. Na miƙa kofin. Ya ɗago hannu.

Sai salansar motar ta buga, tau, kamar an harba bindiga a cikin zaure.

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido ba, amma ni na gan shi dalla-dalla, har yau kuma ina ganinsa. Baba ya zabura. Mama ta yi ihu. Na ga hannunsa na dama ya taso, ya bi ta kan addar, ya wuce ta. Ya cafki kafaɗata ya maka ni da ƙasa, ya faɗo a kaina da dukan nauyinsa. Hannuna na hagu ya naɗe a ƙarƙashina, na ji ya yi ƙas kamar busasshen kara. Bakina ya cika da ƙasa. Tafin hannunsa ya rufe mini ƙeya yana danna kaina. Ina jin zuciyarsa tana dukan bayana, ina jin warin gumi da ɗanyar ciyawa. Sai na ji murya a kunnena, a shaƙe, muryar da na manta kamanninta.

"Kwanta, Talatu. Kwanta. Kada ki ɗaga kai. Ina nan."

Tun da ya dawo daga yaƙi, ran nan ya fara kiran sunan wani.

Samarin suka ruga suka kama shi. Bai kai musu duka ba, ƙanƙame ni kawai ya yi, sai da Kawu ya sa hannu suka ɓamɓare shi. Da aka ɗaga ni, hannuna yana lilo ta inda bai kamata ba. Baba ya kalle shi. Ya kalli ƙofa, ya ga mota ce kawai tana hayaƙi. Ya sake kallon hannuna. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya haɗa wuyan hannuwansa biyu, ya miƙa wa wansa.

"Kun gani," in ji Baba Babba, yana hawaye. "Kun gani da idonku. Kawo igiyar."

Mama, wadda ban taɓa jin ta musa wa wani namiji na dangin Baba ba, ta taso ta zo ta durƙusa tsakanin mijinta da mai igiyar, gwiwa biyu a ƙasa yadda ake yi wa surukai.

"Baba, na durƙusa maka. Amma ba za a fita da shi daga gidan nan ba."

"Saratu, ya karya miki 'ya a gabanki!"

"Ya karya ta. Na gani. Kai ka ga ya kayar da ita. Ni na ga inda addar take, na ga inda ya juya bayansa."

"In gobe ya tashi da addar fa?"

"Ban san gobe ba. Kai ma ba ka sani ba. Na yau na gani."

Baba Babba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce ya wanke hannunsa. Duk abin da ya faru kada a aiko masa. Ya fita da samarinsa, motar ta tafi da igiyarta. Kawu ya goya ni zuwa wurin mai ɗori, ina ihu yana ce mini ashe Malama Shiru tana da murya.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Hatsin da ake aiko mana daga ƙauye duk kaka ya tsaya, gonar Baba ta koma hannun wasu. Mama ta shiga sayar da abinci a tasha, rana da ruwa, kuma har ta rasu akwai matan dangi da ba sa amsa gaisuwarta. Su ne iyayen waɗanda suka ba ku labari. An ba Kawu Danladi canjin aiki zuwa Kachia da ƙarin girma, ya ƙi, ya zauna a ɗakin ƙofar nan shekara da shekaru, gorar tana bayan ƙyaure. Wuƙaƙen Mama ba su bar buhun masara ba. Ni kuwa, da na koma makaranta da hannu ɗaure cikin karare, na bi ta bayan loko na tarar saran ya kai har shingen. Duk da haka, kowace yamma idan na ji shuu, shuu, sai tsoron ya dawo mini, har na bar gidan na tafi kwalejin horon malamai. Baba bai taɓa gaya mana abin da ya gani a yaƙi ba, bai kuma taɓa cewa don ni ya share hanyar ba. Ya ɗan ƙara magana da shekaru suka tafi, ba da yawa ba. Ya rasu a kan gadonsa, idon sawunsa sumul, ƙarfe bai taɓa shi ba.

Da Kawu ya tsufa, ido ya tafi, na je gaishe shi. Ya laluba ya kama wuyan hannun nan, ya shafa inda ya karkace. Na ce masa, "Kawu, mun samo na huɗun kuwa?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "A'a, Malama Shiru. Ai na gaya miki ba a samu."

To ni ma abin da zan bar muku ke nan. Idan an sake ce muku kakanku ne ya karya ni, kada ku yi musu, gaskiya ne. Ban san abin da ke cikinsa ba, ba kuwa zan yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne, ƙarar ta fito daga ƙofar gida, ni ina ƙasa, shi yana tsakani.